A Saurari Ƙirjin Kwikwiyo Kafin A Tsira Masa Allura

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu sayen kwikwiyo, da masu kiwon karnuka don sayarwa, da kuma abokan aikina. Ni likitan dabbobi ne a Kaduna. Yawancin aikina na kaji ne da awaki da raguna, amma tun da harkar tsaro ta taɓarɓare, karnukan gadi sun yawaita a gidajen mutane. Wanda a da ko inuwar kare ba ya so a ƙofar gidansa, yau ya sayi Rotwaila ko Jaman Shefad da kuɗi masu kauri ya ɗaure a bayan gida. Roƙona guda ne: duk kwikwiyon da aka kawo allurar rigakafi ta farko, a ɗora masa abin sauraren ƙirji a ji zuciyarsa tukuna, sannan a yi allurar. Aikin bai wuce minti uku ba, amma sau da yawa ba a yin sa.

Na san wani zai ce, mutane na ta kansu, wa ke ta kare? Ba zan shiga hurumin malamai ba, sai dai kowa ya san an yi izinin ajiye kare don farauta da kiwo da gona, kuma wanda ya ɗaure dabba a gidansa haƙƙinta na wuyansa. Wanda wannan bai dame shi ba, to ya dubi aljihunsa.

Zuciyar kare ɗaki huɗu ce kamar ta mutum. Ɓangaren dama ke tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska, na hagu ya karɓe shi ya tura wa sauran jiki. Akwai ƙofofi huɗu masu marfi da ke hana jinin komawa baya, kuma bugu biyun nan da ake ji a ƙirji, dif-daf, ƙarar rufewar marafan ce. Tsakanin bugu da bugu shiru ya kamata a ji. Idan jini ya bi ta ƙofar da ta matse, ko ya kurɗa ta ramin da bai kamata a ce akwai shi ba, ko ya zurare baya ta marfin da ba ya rufewa daidai, sai gudunsa ya hautsine, a ji wani shuu a inda ya kamata a ji shiru. Wannan shuu muke nema. Alama ce kawai, kuma aikin likita shi ne ya gano abin da ya kawo ta.

Sauraren yana da ƙa'ida. A kashe fanka, a nisanci janareto, masu hira su ɗan dakata. Kare ya tsaya da ƙafafunsa huɗu, ba a kwance ba. Idan a zafin Afrilu aka kawo shi a bayan mota yana haki, a bar shi a inuwa ya huta, domin hakin kare na rufe komai, har ya sa mutum ya ji abin da babu. In ya ƙi dainawa sai a riƙe masa baki a hankali na 'yan daƙiƙu. Ina farawa daga hagu, bayan gwiwar ƙafar gaba, inda bugun ya fi ƙarfi, in matsa gaba da sama haƙarƙari bayan haƙarƙari, har in cusa abin sauraren can cikin hammata. Sannan in zagaya dama. Duk wannan lokacin yatsuna na cikin cinyarsa a kan jijiya, ina haɗa abin da kunne ke ji da abin da hannu ke ji. Zuciyar kwikwiyo kan buga har sau 200 a minti, ko fiye in ya tsorata, saboda haka sai an natsu. Ina so in san inda shuu ɗin ya fi ƙarfi, da lokacin da yake zuwa a cikin bugun, da iyakar inda yake kaiwa.

Ƙarfinsa kuma mataki shida muke ba shi, tsarin da ya samo asali daga wani likitan zuciya na Boston a Amurka, Samuel Levine, a 1933. Na ɗaya sai ka kasa kunne sosai a ɗakin da ba motsi. Na uku kana ɗora abin sauraren za ka ji. Daga na biyar hannu ma na ji: in ka ɗora tafinka a ƙirjin sai ka ji yana zirr a ƙarƙashin fata. Na shida kuwa ko ka ɗan ɗaga abin sauraren daga jikin kare kana jin sa.

Kafin in tsorata kowa, ba kowane shuu ne ciwon zuciya ba, kuma a ƙasarmu wannan magana ta fi nauyi. Wani mafarauci ya taɓa kawo mini 'yar kwikwiyarsa ta gida a cikin buhu a bayan babur. Ya ce, "Likita, 'yan uwanta na ta guje-guje, ita kuwa tana kwance, kuma ita na fi sa wa rai." Na saurara, na ji shuu a hagu, matsakaici. Sai na ɗaga leɓenta: dasashi fari fat. Cikin kunnuwa da tsakanin yatsu duk kaska, wasu sun sha jini sun yi ɓul-ɓul. Kashinta baƙi ƙirin, da na duba shi a madubin likita sai ga ƙwayayen tsutsar nan mai ƙugiya da ke maƙale wa hanji tana tsotsar jini. Jinin da ya tsinke ya yi ruwa-ruwa yakan yi ƙara ko da zuciya lafiyarta lau. Muka ba ta maganin tsutsa, muka cire kaska, muka yi maganin cutar da kaskar ke sawa a jini, na ce ya riƙa ba ta hanta. Da ya dawo da ita bayan 'yan makonni, dasashi ya yi ja, ƙirji shiru tsakanin bugu da bugu. Ya kawo mini zabi biyu, har yau in mun haɗu sai ya ba ni labarin abin da ta kamo. Don haka duk wanda ya ji shuu a ƙirjin kwikwiyo a nan arewa, ya fara duba baki da kunne da kashi da zafin jiki kafin ya ambaci zuciya.

Akwai kuma shuu mara lahani da ake ji a wasu kwikwiyoyi masu lafiya, musamman manyan iri masu saurin girma. Ba ya wuce mataki na ɗaya ko na biyu, gajere ne, kuma yakan ɓace da kansa tsakanin wata huɗu zuwa shida. Irin wannan a rubuta shi a kati, a sake saurare ranar allura ta gaba. Shuu ɗin da ya ƙi ɓacewa bayan wata shida, ko yake ƙara ƙarfi, ko yake da zirr a hannu, ya fita daga wannan sahu.

Nakasar da na fi so abokan aikina su riƙe ita ce wadda muke kira PDA, domin ita ce kunne ke iya kamawa kusan kai tsaye, kuma ita ce ake warkewa sarai in an kama ta da wuri. Ɗan da ke cikin mahaifa ba ya numfashi da huhunsa, saboda haka akwai wata 'yar gajeriyar jijiya da ke haɗa jijiyar huhu da babbar jijiyar da ke kai jini ga jiki, jinin ya riƙa tsallake huhun. Bayan haihuwa, cikin 'yan kwanaki, sai ta tsuke ta rufe. Idan ta ƙi rufewa, jinin da aka tura wa jiki sai wani kaso nasa ya riƙa komawa huhu dare da rana, ya sake dawowa hagun zuciya. Zuciya ta yi ta aikin banza, ta buɗe ta yi girma, a ƙarshe ruwa ya taru a huhu, kare ya fara tari da numfashi sama-sama. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna fiye da rabin waɗanda aka gano ba a yi musu aiki ba suna mutuwa cikin shekara guda. Ta fi kama mata, kuma an fi ganinta a ƙananan iri kamar Fudul da Maltis da Fomeraniya, sai kuma Jaman Shefad, wanda shi ne ya shafe mu.

Ƙararta daban take. Ba ta tsayawa tsakanin bugu da bugu, tana tashi tana sauka amma ba ta yankewa, kamar injin markaɗe da kake jiyowa ta bayan katanga. Sai dai wurinta a ɓoye yake, can sama a cikin hammatar hagu. Likitan da ya ɗora abin sauraren a bayan gwiwa kawai ya ɗauke, zai iya wuce ta, ko ya ji ɗan guntunta ya ɗauka ba komai ba ne. Jijiyar cinya kuma tana harbin yatsa da ƙarfi ta faɗi nan take.

Wani saurayi ya zo da direban gidansu da wata 'yar Shefad da mahaifiyarsa ta saya ta hanyar talla a WhatsApp. Kwikwiya kyakkyawa, tana ta cizon igiyar takalmina. Ina ɗaukar ta da hannu a ƙarƙashin ƙirji na ji zirr tun ban ɗauko kayan aiki ba. Da na faɗa masa, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Likita, wannan da ta fi kowa ci a gidan?" Ban yi musu da shi ba. Na sa masa abin sauraren a kunne, na fara ɗora masa a ƙirjin wani kwikwiyo mai lafiya da ke jiran layi, sannan na mayar cikin hammatar tasa. Ya yi tsit, can ya ɗago ya ce, "Ai wannan ba ta tsayawa." Abin da ke ruɗin mutane kenan: kwikwiyo mai wannan nakasa yakan yi watanni yana ci yana wasa, iyaka wani lokaci ya ɗan fi 'yan uwansa ƙanƙanta. Kafin tari ya bayyana, zuciya ta riga ta jigata. Na rubuta musu takarda zuwa asibitin koyarwa, amma Hajiya ta zaɓi a mayar wa mai ita. Aka yi ta ja-in-ja, daga baya ya ba su wata. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne uwar da uban suna nan a wurinsa, ana ci gaba da haɗa su.

Maganinta aiki ne: a buɗe ƙirji ta hagu tsakanin haƙarƙari, a zagaye jijiyar da zare a ɗaure. A Turai da Amurka yanzu sun fi zura wani ɗan toshi ta jijiyar cinya ba tare da buɗe ƙirji ba. In an yi da wuri, kare na yin rayuwarsa kamar kowane kare. Masu karatun da suka saba ganin neman taimako a jaridu don kai yaro mai ciwon zuciya Indiya, su sani wannan na cikin nakasar da ake haifar 'ya'yanmu da ita. Likitan da ya fara ɗaure wannan jijiya cikin nasara a jikin mutum, Robert Gross, a Boston ya yi wa wata yarinya 'yar shekara bakwai a 1938, kuma a jikin karnuka ya gwada hannunsa kafin ranar.

Nakasa ta biyu, matsewar hanyar babbar jijiya, ita ce ke haddasa rigima a unguwa. Wani bawan Allah ya zo mini da gawar Rotwailansa a bayan mota, ransa a ɓace. Kare bai kai shekara biyu ba, ƙato, jiya-jiya lafiyarsa ƙalau. Da safe ya bi wata kyanwa da gudu, ya kai tsakiyar gida ya faɗi, ko shurawa bai yi ba. Maigidan ya riga ya yanke hukunci: maƙwabcinsa ne ya jefo nama mai guba, don sun taɓa sa-in-sa a kan haushin dare, har ya kai ƙara wurin mai unguwa. So yake in rubuta masa takardar shaida. Na ce sai na buɗe. Tumbi ba komai sai abincin da shi da kansa ya ba shi. Da na tsaga hagun zuciya, sai ga wani farin zobe mai tauri a ƙarƙashin ƙofar babbar jijiya, ya matse hanyar har ɗan ƙaramin yatsana ba ya wucewa, bangon ɗakin kuma ya yi kauri fiye da kima saboda tura jini ta ƙuntatacciyar hanya. Na kira shi ya sa safar hannu ya taɓa da kansa. Na tambaye shi ko karen ya taɓa faɗuwa, sai maigadinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ya taɓa sumewa da muka fita da shi, na ɗauka rana ce." Katin allurarsa cike yake da sa hannu, babu inda aka rubuta komai game da zuciya.

Wannan matsewa ta fi yawa a manyan karnuka: Rotwaila, Boksa, Jaman Shefad, Goldin Ritiriba. Shuu ɗinta na zuwa ne tare da bugun farko, a hagu ta sama, yakan haura har wuya, jijiyar cinya kuma ba ta da ƙarfi. Sharrinta shi ne tana girma tare da kare. A mako takwas za a iya jin ta ƙasa-ƙasa ko a rasa ta, a wata goma ta zama mataki na huɗu. Shi ya sa irin waɗannan karnuka saurare ɗaya bai isa ba, sai an maimaita a wata shida da kuma in sun cika shekara. Ba a warkar da ita, ana dai ba da magani mai rage gudun zuciya, a hana kare wahala. Karen da gudu zai iya kashe shi kuwa ba karen gadi ba ne, gara mai shi ya sani tun da wuri.

Sauran zan taƙaita. Akwai matsewar ƙofar jijiyar huhu, wadda ta fi kama Buldog da Bigul da Boksa; in ta yi tsanani ciki na tara ruwa, mutane su yi ta ɗura maganin tsutsa a banza. Akwai rami a bangon da ya raba manyan ɗakuna biyu, shi a dama aka fi jin sa, kuma sau da yawa ƙaramin rami ya fi babba ƙara, don haka ƙarfin shuu ba kullum ne ma'aunin haɗari ba. Kwikwiyon da harshensa ke komawa shuɗi-shuɗi in ya yi ɗan wasa, a gaggauta kai shi asibiti ko an ji shuu ko ba a ji ba. Shuu ɗin da ya bayyana a kare ɗan ƙaramin iri bayan ya tsufa kuwa, wannan lalacewar marfi ce ta shekaru, ba da ita aka haife shi ba.

Kunne na da iyaka. Matsewar ƙofar huhu da ta babbar jijiya wurinsu kusa da juna yake, lokacinsu ɗaya, ko gwani na iya ɗaukar wannan a matsayin waccan. Mai raba gardama shi ne sikanin zuciya, wanda ke nuna marafan suna motsi, ya auna gudun jini, sai hoton ƙirji ya taimaka. Wanda aka ji wa karensa shuu mai ƙarfi ya nemi likitansa ya tura shi asibitin koyarwa na dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri. Amma ba wanda zai kama hanyar Zariya in ba a fara jin wani abu ba. Abin sauraren nan tun 1816 wani likitan Faransa, René Laennec, ya ƙirƙiro shi, da takarda naɗaɗɗiya ma ya fara. Ba ya cin batir, ba ruwansa da ɗauke wuta, kuma duk wanda ya gama makarantar likitan dabbobi yana da shi. Rataye shi a wuya don a san kai likita ne ba ya amfanar kowa.

Masu kiwo don sayarwa, ku ne gindin maganar. In aka haɗa karnuka gaba ɗaya, waɗanda ake haifa da nakasar zuciya ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, amma ba a warwatse suke ba, a gida-gida suke taruwa. Donald Patterson na Jami'ar Fensilbeniya da abokan aikinsa sun nuna haka tun shekarun 1960 da 1970, ta hanyar haɗa karnuka masu nakasar suna duba 'ya'yan: gado ce. A nan kuwa mutum zai sayi mace da namiji daga ciki ɗaya don ya fi araha, su haihu, ya haɗa uba da 'ya, ya haɗa wa da ƙanwa, yana tallar "jini tsantsa". Jinin da bai gauraya ba, aibinsa ma bai gauraya ba. Karyar da ta haifi mai irin wannan nakasa, kada a sake haɗa ta da wannan namijin, kuma wanda aka haifa da ita, ko an yi masa aiki ya warke, kada a sa shi a kiwo.

Sai masu yawo a babur da kula cike da allurai, su shiga gida su tsira su fita su karɓi kuɗi. Wasunsu ba su taɓa shiga aji ba. Mai kare na da ikon tambayar wanda ya zo masa ko yana da rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya. Mu kuma masu rajistar, ina ba da shawara a ƙara layi guda a katin rigakafi: an saurari zuciya, ga abin da aka ji, ga kwanan wata. Wurin da aka tanada don rubutu, da wuya a bar shi fayau. Ko a gangamin 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, da ake tara karnuka ana yi musu allura, ana iya ware kwikwiyoyi a kai su wani ɗaki nesa da haushi a saurare su.

Mai saye kuma, kada ka biya kuɗi duka a kan hoto. Ku yi sharaɗi da mai sayarwa tun farko cewa ciniki bai faɗa ba sai likitan da kai ka zaɓa ya duba, kuma a yi sharaɗin a gaban shaida ko a rubuce. Ka je ka ga uwar, ka ga 'yan uwan, ka lura da wanda ya fi ƙanƙanta ko yake saurin zama in ana wasa. Ka ɗaga leɓe ka ga launin dasashi. Ka ɗora tafinka a ƙirjinsa ta hagu, ka tura yatsu cikin hammata: bugu za ka ji, in ka ji zirr ka ajiye shi. Idan kuwa ka riga ka saya kafin a gano, kada ka kai shi bayan gari ka yar, kamar yadda na ga wasu na yi. Da yawa masu ƙaramar nakasa suna shekaru lafiya lau, haushinsu na nan, kuma ɓarawon da ke bayan katanga bai san abin da ke ƙirjinsu ba. A yi masa fiɗiya, a rage masa gudu da tsakar rana, a riƙa kawo shi ana saurare duk wata shida.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka,
Wani likitan dabbobi,
Kaduna.